Yoga a idon Basakkwace: tambayoyi da amsoshi kan asalinta, amfaninta da iyakarta

Duk shekara idan 21 ga Yuni, ranar yoga ta duniya, ta zagayo, hotuna kan cika wayoyinmu: dubban mutane a fili, kowa bisa shimfiɗarsa, wannan ya sunkuya wancan ya miƙa hannuwa sama. Daga nan tambayoyi ke biyowa, a majalisa, a ofis, a zauren WhatsApp na dangi. Wasu ciwon baya ne ya hana su sakat, suna neman mafita. Wasu kuwa tsoro suke kada su taka dokar Allah da sunan neman lafiya. Duka biyun tambayoyi ne na masu hankali. Ga waɗanda aka fi yi a nan Sakkwato, da amsoshinsu.

Mece ce yoga, kuma daga ina ta fito?

Daga Indiya ta fito. Tsohuwar hanya ce ta horar da jiki da zuciya wadda ta taso a cikin addinan ƙasar, wato na Hindu da Buddha da Jain. Kusan shekara dubu biyu da suka wuce wani malaminsu mai suna Patanjali ya tattara ƙa'idojinta a rubuce, kuma a wancan zamani zama tsit da tattara hankali ne jigonta. Yawancin lanƙwashe-lanƙwashen da muke gani a bidiyo yau a ƙarni na 20 suka bunƙasa, musamman a hannun Krishnamacharya, wanda ya koyar a birnin Mysore a shekarun 1930, da almajiransa irin su B.K.S. Iyengar da suka yaɗa ta a Turai da Amurka.

Abin da galibin mutane ke yi yanzu kashi uku ne: riƙe jiki cikin wani yanayi na ɗan lokaci, sarrafa numfashi, da kwanciya ko zama a saki jiki gaba ɗaya.

Yaya aka yi har duniya ta ware mata rana?

A watan Satumba na 2014 Firaministan Indiya, Narendra Modi, ya kai bukatar gaban babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 11 ga Disamba na wannan shekarar majalisar ta amince, da goyon bayan ƙasashe 177, ciki har da ƙasashen Musulmi da dama. An zaɓi 21 ga Yuni ne saboda ita ce rana mafi tsawo a arewacin duniya. An yi bikin farko a 2015, inda mutum 35,985 suka taru a fili guda a birnin Delhi. Sai kuma a Disamba na 2016, a zaman da ta yi a Addis Ababa, hukumar UNESCO mai kula da ilimi da al'adu ta sa yoga cikin jerin al'adun da ake ɗauka gadon ɗan Adam ne. A nan Najeriya ofishin jakadancin Indiya kan shirya taron ranar a Abuja.

To, tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince, ke nan an tabbatar magani ce?

A'a. Ware rana aikin 'yan siyasa da jakadu ne, tabbatar da magani kuwa aikin masu bincike ne. Indiya ta ɗauki yoga a matsayin abin da take tallata kanta da shi, har ta kafa ma'aikata guda a 2014, mai suna AYUSH, don kula da ita da sauran magungunan gargajiyarta. Wannan ba laifi ba ne, kowace ƙasa da abin da take alfahari da shi. Sai dai ya kamata mai karatu ya bambance tsakanin yabon mai kaya da shaidar likita.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kai shi ne motsa jiki kowane iri. Shawararta ta 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ta lissafa yoga cikin hanyoyin da za a iya bi, har ta fitar da manhajar waya kyauta mai suna mYoga a 2021 tare da gwamnatin Indiya.

Malam, mu je ga babbar magana. Ya halatta Musulmi ya yi yoga?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a garin Shehu, kuma bai kamata a yi mata hanya-hanya ba. Yanke fatawa haƙƙin malamai ne. Abin da zan iya shi ne in shimfiɗa yadda lamarin yake, don idan ka je gaban malaminka ka san abin da za ka tambaya.

Gaskiyar farko: yoga ta asali tana da ibada a cikinta. Mai cewa babu, ko dai bai sani ba ko yana son ya sayar maka da wani abu. Akwai kalmar "Om" da ake rerawa, wadda ke da tsarki a addinin Hindu. Akwai addu'o'i da ake karantawa da harshen Sanskrit, wasunsu da sunayen abin bautarsu. Akwai jerin motsi da ake kira Surya Namaskar, gaisuwa ce ga rana, kuma wasu na yin ta suna fuskantar rana a lokacin hudowarta. Akwai haɗa tafuka a ƙirji a rusuna wa malami ko hotonsa. Musulmi ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane matsalar da ke nan. Allah ya ce a Suratu Fussilat, aya ta 37, kada a yi sujada ga rana ko ga wata, a yi ga wanda ya halicce su. Har nafila an hana mu yi daidai lokacin da rana ke hudowa, don kauce wa kama da masu bauta mata. Su kansu Musulmin Indiya sun yi ƙorafi kan gaisuwar rana gabanin bikin 2015, kuma ba a sa ta cikin tsarin motsin da hukuma ta fitar na wannan rana ba.

Gaskiya ta biyu: jawo gwiwa zuwa ƙirji, ko miƙe baya, ko jan numfashi a hankali, ba mallakar wani addini ba ne. Masu gashin ƙashi a asibitocinmu na koya wa marasa lafiya motsi irin waɗannan kullum, ba tare da an kira sunan kowa ba.

A tsakanin waɗannan biyun malaman ƙasashen Musulmi suka yi magana. A Nuwamba na 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan bauta da ke cikinta. A Janairu na 2009 majalisar malamai ta Indonesiya ta rarrabe: wadda ke ɗauke da rera-rera da al'adun bauta haram ce, wadda motsa jiki ce zalla kuwa babu laifi. A Nuwamba na 2017 hukumomin Saudiyya suka sa ta cikin ayyukan wasanni da ake ba lasisin koyarwa. Har yanzu akwai malaman da ke ganin barin ta baki ɗaya ya fi, don toshe ƙofar ɓarna, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne.

Ni abin da zuciyata ta natsu da shi shi ne rarrabewar. A ɗauki motsin da numfashin, a bar rera kalmomi, a bar gaisuwar rana, a bar rusuna wa wani. Idan bidiyon da kake bi ya fara da addu'ar da ba ka san ma'anarta ba, kashe shi ka nemi wani. Idan kuma ko sunan ya tsaya maka a rai, ka bar abin da ke sa ka kokwanto: je sashen gashi da motsa gaɓɓai na asibiti, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka nemi a koya maka atisayen baya. Amfanin jikin ɗaya ne. Abin da ba na so shi ne mutum ya bar motsa jiki gaba ɗaya ya fake da wannan saɓani.

Ai salla ma motsa jiki ce. Me za mu nema kuma?

Salla ibada ce, don Allah ake yin ta, ba don gwiwa ko ƙugu ba. Lallai jiki na amfana da ruku'u da sujada da zaman tahiya, kuma wannan falala ce. Amma ba ta ɗauke wa mutum bukatar tafiyar ƙasa da motsa gaɓɓai ba, kamar yadda azumi bai ɗauke bukatar zuwa asibiti ba. Kwatanta salla da yoga da wasu ke yi don su tallata yoga, ni ban ga kyansa ba.

Wane amfani ne aka tabbatar tana yi wa jiki?

Mafi ƙarfin hujja a kan ciwon ƙasan baya mai daɗewa yake. A 2017 ƙungiyar likitoci ta Amurka, American College of Physicians, ta ba da shawarar a fara gwada hanyoyin da ba na shan magani ba ga mai irin wannan ciwo, ta kuma lissafa yoga a ciki. Sauƙin da ake samu matsakaici ne, kusan daidai da na sauran atisayen baya. Ba warkewar dare ɗaya ba ce, amma ga wanda ya shekara yana haɗiyar ƙwayar rage zafi har ta fara taɓa masa ciki, matsakaicin sauƙi ba ƙaramin abu ba ne.

Ka dubi ɗan kabu-kabu da yamma idan ya tsaya bakin masallaci. Ya yini bisa mashin daga Mabera zuwa Runjin Sambo, daga can zuwa Arkilla, kafaɗu a ɗage, wuya a gaba, kowane rami ya bugi ƙugunsa. Idan ya sauko sai ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya ɗan gantsare, ya yamutsa fuska, kafin ya iya ɗaukar buta. Wannan gantsarewar da ya yi ba tare da an koya masa ba, jikinsa ne ke neman abin da ya rasa tun safe. Haka tela da ya yini kan keke, da baduku a zaune yana ɗinkin fata, da ma'aikaciyar da ke gaban kwamfuta, da ɗalibin da ke duƙe kan littafi. Tsokokin gaban cinya da na ƙirji sun ɗaure, na ciki da na ɗuwawu sun yi rauni, sai ƙashin baya ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Motsin yoga na sassauta waɗanda suka ɗaure, yana ƙarfafa waɗanda suka raunana.

Bayan baya, akwai amfani wajen laushin gaɓɓai, da daidaita tsayuwa, da rage taurin gwiwa ga masu amosanin gaɓɓai.

Kowane ciwon baya ne za a yi wa yoga?

Ko kusa. Idan ciwon na sauka ƙafa har ƙafar ta mutu ko ta yi rauni, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, ko ciwon ya biyo bayan haɗari ko faɗuwa, asibiti za a nufa kai tsaye. Tarin fuka kan kama ƙashin baya, kuma babu wani lanƙwashewa da zai kashe ƙwayar cutar.

Ina da hawan jini da ciwon sukari. Idan na fara, zan iya ajiye magani?

Don Allah kada ka ajiye. Motsa jiki a kai a kai da numfashi mai tsawo na iya sauke jini kaɗan, suna kuma taimaka wa jiki ya sarrafa sukari. Kaɗan ɗin nan taimako ne ga magani, ba madadinsa ba. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye wa mutum ɓarin jiki, kuma kusan kowa a cikinmu ya san gidan da hakan ta faru bayan maigida ya ce ya ji sauƙi ya daina shan ƙwaya. Idan awo ya nuna jininka ya sauka, likita ne zai rage maka magani da hannunsa. Mai shan maganin sukari kuwa, musamman mai yin allura, ya ajiye dabino kusa da shi ko da sukarin zai faɗi.

Da gaske tana rage damuwa tana kawo barci?

Tana taimakawa, kuma dalilin a bayyane yake. Baligi kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Idan hankali ya tashi, numfashin kan gajarta ya koma ƙirji, zuciya ta ƙara gudu. Duk lokacin da ka fitar da numfashi kuwa, bugun zuciya kan ɗan lafa. Saboda haka idan ka rage saurin numfashi zuwa kamar shida a minti, ka sa fitarwa ta fi shaƙa tsawo, jijiyoyin da ke kwantar da jiki su ke karɓar ragama. Kafaɗu su sauka, muƙamuƙi ya saki.

Wannan ba zai biya kuɗin makarantar yara ba, ba kuma zai dawo da zaman lafiya a ƙauyen da aka baro ba. Mutanenmu na ɗauke da damuwa ta gaske. Amma jikin da ya samu barci ya fi iya ɗaukarta gobe. Wanda damuwarsa ta kai ya daina cin abinci, ya daina shiga mutane, ko yana tunanin cutar da kansa, likitan ƙwaƙwalwa yake bukata, kuma zuwa wurinsa ba abin kunya ba ne.

Tana rage tumbi?

Yoga mai sauƙi ba ta ƙona kitse sosai. Tafiyar sauri ta minti talatin da rage lemon kwalba da tuwon dare sun fi ta aiki a nan.

Da zafin Sakkwato, wane lokaci ya dace?

Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura 40, kuma ɗakin kwano da rana ba wurin motsa jiki ba ne. Bayan sallar Asuba, kafin gari ya ɗauki zafi, shi ne lokacin da ya fi, sai kuma bayan Magariba a tsakar gida. A sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. A Turai da Amurka akwai nau'in da ake yi cikin ɗakin da aka ɗumama da gangan har kusan digiri 40. Idan ka ci karo da shi a intanet, wuce shi. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ɗaukewar gumi alamu ne na a tsaya nan take a nemi inuwa da ruwa.

Da hunturu matsalar ƙura ce da sanyin asuba. A koma cikin ɗaki, a shaƙi numfashi ta hanci, a ɗan yi tattaki a wuri guda jiki ya ɗumama kafin a fara miƙe-miƙe. Mai asma ya ajiye abin shaƙarsa kusa.

Da azumi kuwa a sassauta. Ɗan miƙe jiki kafin shan ruwa ba ya cutarwa, amma mai nauyi a bar shi sai bayan Asham, idan abinci ya narke. Ko ba azumi ba, a bar kamar awa biyu tsakanin cin abinci mai nauyi da farawa.

Ni mace ce, ba na fita. Zan iya?

Hajiya, wannan na daga abin da ya sa nake ganin darajar wannan motsa jiki a garinmu. Ba ya bukatar fili, ba ya bukatar cakuɗuwa da maza, ba ya bukatar matsattsun kayan da ake gani a hotuna. Doguwar riga mai walwala da wando, da ɗaki a rufe, sun isa. Da yawan matanmu na yini a duƙe, shara da guntuwar tsintsiya, wanki a ƙasa, girki a murhu, ga goyo a baya, sai a ce ai suna motsa jiki. Suna aiki dai, amma duk duƙawa ce ta gefe guda, kuma ita ce ke kawo ciwon ƙugun da ake kuka da shi. Minti goma na miƙe baya zuwa ɗaya gefen na da tasiri.

Mai juna biyu ta fara gaya wa ma'aikaciyar awo. Ta guji kwanciya rub da ciki, da murɗa ciki, da riƙe numfashi, da daɗewa a rigingine idan cikin ya tsufa. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ta jira izinin likita.

Innarmu ta haura saba'in. Ba ta tsufa da wannan ba?

Ba ta tsufa ba, ita ce ma ta fi bukata. Babban abin tsoro ga tsoho shi ne faɗuwa, don karayar ƙugu kan kwantar da shi kwanciyar da ba ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci waɗanda suka kai 65 su riƙa atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfafa jiki aƙalla kwana uku a mako. A sa mata kujera mai ƙwari jikin bango. Ta tashi ta zauna a hankali sau biyar, ta ɗaga hannuwa sama tana shaƙar numfashi, ta dafa bango ta ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan ta ƙirga goma. Jika ya tsaya kusa. Ba sai an kira mata shi da wani baƙon suna ba, a ce Inna zo mu miƙe jiki.

Su wa ya kamata su yi hattara?

Mai hawan jini da mai hawan jinin ido su guji duk motsin da kai ke komawa ƙasa ƙafa sama, da riƙe numfashi. Mai sikila ya guji gajiya mai yawa da ƙishirwa. Mai raunin ƙashi kada ya sunkuya da ƙarfi ko ya murɗa baya. Mai ciwon zuciya, mai ƙaba, da wanda bai daɗe da yin tiyata ba su fara jin ta bakin likita. Tsayuwa bisa kai da ake nunawa don burgewa ba ta mai koyo ba ce, wuya ba ya yafe kuskure.

To yaya zan fara, kuma nawa zan kashe?

Ko sisi. Tabarma ko bargo a ƙasa mai tauri ya wadatar, katifa mai laushi ce ba ta dace ba. Ba sai ka jira an buɗe aji a unguwarku ba.

Kwanta rigingine, jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ka riƙe tsawon numfashi biyar, ka canza. Sai ka ajiye tafin ƙafafu a ƙasa, gwiwoyi a tsaye, ka ɗaga ƙugu sama a hankali ka sauke, sau takwas. Juyo ka durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi: idan ka shaƙi numfashi ka gantsare baya ka ɗaga kai, idan ka fitar ka tura bayan sama ka sunkuyar da kai. Tashi tsaye, ɗaga hannuwa, karkata dama, karkata hagu. Dafa bango ka tsaya da ƙafa ɗaya. Daga ƙarshe ka zauna, ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida, na minti uku. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba.

Jiki kamar fata yake a hannun majemi, da sannu take laushi, idan aka fizge ta sai ta tsage. Jin ja a tsoka daidai ne. Zafi mai suka, ko wanda ke harbawa zuwa ƙafa ko hannu, alama ce ta a dakata. Ka yi kwana uku ko huɗu a mako, ka haɗa da tafiyar ƙasa, ka ba shi wata biyu kafin ka yanke hukunci. Idan a cikin wannan lokaci ciwon ƙaruwa yake maimakon raguwa, ka daina, ka je a duba ka.